Motar Balarabe Tana Ja Dama

Da hannu biyu Balarabe yake riƙe sitiyari tun ranar da ya karɓo motarsa daga garejin Baba Maliki. Da zarar ya ɗan sassauta, sai motar ta lallaɓa ta nufi dama, hannun da manyan motocin kaya ke gangarowa daga Zariya. Ba a jima ba gefen tayar gaba ya suɗe sumul kamar tafin hannu.

Tsohuwar mota ce, ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida, a shekarun nan da akawunan gwamnati irinsa suka fara hawa mota a Kaduna. Sifirin ɗin da ke tallafe da ƙafar gaba ne ya saki, Baba Maliki ya sauya shi. Laifin kuwa a fili yake: an taɓa ƙafar mota, ba a mayar da ita daidai ba. Da wani bakaniken ne, da tuni Balarabe ya koma ya wanke shi tas. To amma Baba Maliki uban matarsa ne. Mutumin da in ka hango shi sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, wanda ba ka taɓa haɗa ido da shi ba, ta ina za ka fara ce masa aikinsa bai yi ba?

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. A soja tsohon ya koyo aiki, kuma duk Unguwar Kanawa an san da ido kawai yake daidaita ƙafar mota. Idon nan shi ne abincinsa, shi ne mutuncinsa. Yanzu ganinsa ya fara dushewa, mutanen gida sun lura, ba mai faɗa. Ranar da maganar ta fita waje, gareji ya mutu.

Sai Balarabe ya bi hanyar da ya gada. Ya gaya wa matarsa Safara'u cewa motar tana ja dama. Safara'u ta gaya wa mahaifiyarta wai motar tana ɗan karkata, amma ba wani abin damuwa ba ne. Mahaifiyar ta jira maigida ya ci tuwo ya ƙoshi, ta ce yaran nan suna ta godiya, mota ta yi lafiya lau. Ka ji fa! Baba Maliki ya yi murmushi, har ya aika wa surukinsa da goro.

Haka aka tafi, Balarabe yana kokawa da sitiyari yana cewa gobe. Wata safiya ya ɗauko Safara'u da tsohon ciki za su asibiti, taya ta faɗa rami, sitiyarin ya ƙwace. Motar ta tsallaka dama, wata babbar mota ta goge musu madubi ta wuce da ƙaho. Safara'u ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi tana dafe da cikinta. Shi kuwa tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya daɗe a gefen hanya kafin ya sake tayar da motar.

Washegari ya kai motar Badarawa, wurin wani bakanike Sanda, don a yi nesa da idon sani. Sanda gwani ne, sai dai bakinsa ba linzami. Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba. Gefe ɗaya na tayar ya taɓa zaren, ɗayan ya bar tazara. Maimakon ya ɗauki sifana ya gyara, sai ya bar zaren a ɗaure, yana kiran direbobi su zo su ga aikin makaho. Motar kuwa ba wanda bai san hannun da ya taɓa ta ba. Kafin la'asar labari ya kai wa Baba Maliki, aka je ofis aka kira Balarabe, wai ya yi maza, surukinsa yana garejin Sanda.

Ya tarar an yi cincirindo. Baba Maliki yana tsaye cikin rigarsa mai baƙin mai, yana faɗin cewa tun Sanda yana goye yake kwance motocin yaƙi, kuma zaren ne aka ɗaura a karkace don a ɓata masa suna. Sanda ya ce shi bai san wannan ba, zare dai ba shi da suruki. Tsohon ya ce a ba shi wuri. Ya durƙusa a gaban motar, ya rufe ido ɗaya kamar yadda ya saba, ya daɗe yana hange.

"Daidai take," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya. Sanda kansa sai ya kau da kai, don tazarar nan ko daga bakin hanya ana ganinta. Shirun ne ya yi wa tsohon yawa. Ya miƙa hannu ya bi zaren a hankali, har yatsunsa biyu suka shige tsakanin zare da taya. Ya bar su a nan, bai motsa ba.

Can ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Malam akawu, tun yaushe take ja?"

Balarabe ya durƙusa. "Tun ranar da na karɓa, Baba."

"Ka ɗauki Safara'u a cikinta?"

Balarabe ya sunkuyar da kai.

"Ka ji kunyata," tsohon ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ka kusa binne mini 'ya da jika. Wannan ba kara ba ce."

Ya dafa motar ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce wa Sanda ya gyara wa surukinsa motar da kyau, ya kuma sauya tayar, Sanda ya amsa da ladabin da bai zo masa da wuri ba. Mutane suka dare, tsohon ya fita shi kaɗai. Balarabe ya bi shi daga nesa.

A bakin hanya Baba Maliki ya tsaya. Mota ta wuce, hanya ta yi fayau, bai tsallaka ba. Wata ta wuce, yana nan tsaye yana kasa kunne. Sannan ya miƙo hannunsa ta baya, wajen da ya ji takun surukinsa.

"Zo ka riƙe ni," ya ce. "Ba na ganin su sai sun iso."