Maɓallin Hannun Dama

Khalidu malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Buokrom. Shekararsa arba'in da bakwai, kuma ba abin da ya iya kamar kwatanta abubuwa ba tare da ya zaɓi ko ɗaya ba. Yayansa Malam Abdulai, mai makarantar Alƙur'ani a Ayigya Zango, ya ce a yi masa manhajar da za ta riƙe inda kowane ɗalibi ya tsaya a hadda. Khalidu ya yi mako uku bai rubuta layi guda ba, yana ta zaɓen kayan da zai gina tagar manhajar da su. Tkinter ba shi da nauyi. Qt ƙato ne, da komai a cikinsa. Ga kuma GTK. Har a cikin trotro, motar haya, auna su yake a bayan takardar jarrabawa, nauyi, sauri, lasisi, sai da ya cika layi goma sha huɗu.

Daga ƙarshe ya ɗauki mara nauyin, don kwamfutar Malam tari take yi idan aka buɗe abu biyu. Ya gina manhajar, ya kai masa.

Bayan kwana uku Malam ya kira shi.

"Injiniya, abin nan naka ya cinye mini ɗalibata Ihsan. Izu goma sha biyu, babu ita babu labarinta. Jiya kuma Fu'ad. In ya ƙara cin wani kafin Juma'a, na koma littafina."

Khalidu ya bi rubutunsa layi-layi bai ga kuskure ba. Abin ya ɗaure masa kai har ya fara yi masa daɗi. Washegari ya je makarantar, ya ja benci bayan yayansa, ya zuba ido.

Malam ya shigar da haddar wata yarinya. Maɓallai biyu ne a ƙasan tagar: Ajiye a hagu, Goge a dama. Tabarau na bisa goshinsa, ya yi bismilla ya danna na dama.

"Yaya! Ai goge ta ka yi!"

"Na dama na danna."

"An rubuta a jiki fa."

"To wa ya ce ka ajiye alheri a hagu? Takalmi da dama nake farawa, gaisuwa a zaure daga dama, karatu daga dama. Shekara sittin ina haka. Sai akwatinka ne zai juya ni?"

Khalidu ya ƙara duba tagar. Guraben suna ma biyu ne, na ɗalibi a hagu, na uba a dama, kuma na dama Malam yake fara cika wa da sunan ɗalibi, shi ya sa kowane ɗalibi ya zama uban babansa. Ashe ba maɓallai biyu ba ne, duk tagar ce ta ba Malam baya.

Ya zaro takardarsa. Layi goma sha huɗu, babu wanda ya tambayi ta wane hannu mutumin yake farawa.

Ya koma kan Qt, wanda da umarni guda yake juya taga baki ɗaya ta fara daga dama. Kwana biyu ya yi yana sake gini.

Safiyar Juma'a kwamfutar ta yi tari mai tsawo kafin tagar ta buɗe. Malam ya shigar da Ihsan, tabarau na nan a goshi, ya danna dama. Sunan ya zauna, da izunta sha biyu.

"Ka gani? Dama can ni nake daidai."

"Haka ne, Yaya. Sai dai yanzu tana jinkiri."

"Bar ta. Kafin ta buɗe na gama bismillata a tsanake."