Kwalbar da ke Cikin Takalmin Baba

Tun da muka baro garinmu Masvingo muka tsallaka iyaka muka tare a Johannesburg, ni da Mama ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Na karanta haɗa magunguna, ita kuma ta yanke hukunci wai boko ya cinye min imani. Ana haka ƙanena Garikai ya faɗa shan maganin tari. Yaron da ke tashi da malmala uku ta tuwon sadza ya koma yin barci da loma a hannu. Na tsorata ƙwarai, kada mu binne shi a ƙasar mutane kamar yadda muka binne Baba.

Na gano maɓoyar kwalbarsa, cikin tsohon takalmin marigayin. Sai na shiga aiki irin na masu ilimi: kullum in zubar da cokali ɗaya, in cika da ruwan sukari, jikinsa ya yaye a hankali. Har jadawali na zana, don iyayi.

A sati na biyar na ɗaga kwalbar, na gan ta tsararo kamar shayin asibiti. Lissafina bai kai nan ba! Ina juyowa sai ga Mama cikin fararen kayan coci, riƙe da gorar ruwan addu'a.

"Chengetai, me kike yi da kwalbata?"

"Kwalbarki? Mama, ke ma sha kike?"

"Ungo naki! Cokali biyu nake zubarwa kullum, in cika da ruwan albarka. Ba ki ga ya fara cin abinci ba?"

"Ai aikina ne wannan!"

"Da sukari? Sannu, likitar ƙudaje."

Muna cikin cacar baki Garikai ya leƙo yana suɗe hannu.

"Ku bi ta a hankali, shayi ne. Ni nake cikawa. Haba Yaya, duk karatun nan naki, wane mashayi ne kwalba ɗaya ke kai masa sati biyar? Tun ranar da na ga Mama durƙushe gaban takalmin nan tana kuka na kai kaina asibiti."

"To don ubanka me ya hana ka faɗa?" in ji Mama.

Ya sunkuyar da kai.

"Kullum sai kowaccenku ta shigo ɗakina. In na ce na daina, wa zai sake shigowa?"

Mama ta karɓe kwalbar daga hannuna, ta zauna a bakin gado. Can ta miƙo min ita.

"Zuba naki, in zuba nawa."