Kada Ka Kashe Ta

Ranar Talata ce, washegarin ruwan farko mai ƙarfi. Gari ya waye da lumshi, ba rana ba iska, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Duk mai gona ya san irin wannan danshi kwana biyu yake yi, in ya wuce ka sai dai ka zauna jiran wani ruwan.

Tun da sassafe Dogo ya fita da tarakta. Tsohuwa ce, ja, wadda mahaifinsu ya bari, ita ke huɗa gonar gidan da ta dangi kaf. Dogo ke tuƙa ta, amma Yaya, babban wansa, shi ke da magana a kanta. Dokar Yaya kuwa ɗaya ce: in ta tashi da safe, ba a kashe ta sai an dawo gida. Batirinta ya gaji, shi ya sa a kan gangaren ƙofar gida take kwana, da safe a saki birki ta gangara ta kama. Bara Dogo ya kashe ta a tsakiyar laka don ya huta, sai da aka tara maza tara suka yini suna turi. Har yau in hira ta yi daɗi sai wani ya tayar da zancen.

Wajen ƙarfe goma, sun ci kusan rabin gona, garma ta bugi kututture, notin da ke riƙe faifai ɗaya na garmar ya tsinke. Yaya ya ɗauki guntun, ya jefa a aljihu, ya hau babur zai je ya sayo wani.

"Minti ashirin na dawo. Ka bar ta a kunne."

"Yaya, na san minti ashirin ɗinka fa."

"To ka san shi. Ka taɓa makullin nan ka gani. Kai kaɗai za ka tura ta, ni ina zaune ina tafa maka."

Dogo ya nemi gindin bishiya ya zauna. Tarakta na tsaye tana kaɗawa a hankali, tum-tum-tum, muryar da ya sani tun yana ƙarami. Can sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, ya ƙetaro daga tasa gonar, wadda ita ce ke biye a layin huɗa.

"Direba sarkin hutu! Mota na aiki, kai kana kwance."

"Aikin me, Kawu? Mai kawai take sha a banza."

"Bar ta ta sha. Injin dizal irina ne, in ya kwanta tashinsa sai da taron jama'a."

Aka yi awa guda. Dogo ne ya fara jin abin, don kunnensa na wurin ko da bakinsa na hira. Kaɗawar ta daina tafiya daidai, sai ta ɗan yi sama ta dawo, kamar mai shaƙuwa. Ya ɗaga kai. Hayaƙin da ya saba gani siriri, baƙi-baƙi, ya koma fari da shuɗi-shuɗi, yana warin baƙin mai. Ya je ya dangwali bakin salansa da tsinke, ya ga mai na naso. Nan take ya kira Yaya.

"Yaya, ta canza murya. Hayaƙin ma ba nata ba ne. In kashe ta?"

"Shago na uku ke nan, babu notin. Kai kuma kana kira na da zancen murya? Tsohuwa ce, dole ta yi tari."

"Wallahi ba tari ba ne."

"Dogo. Kada ka kashe ta."

Dogo ya hau kujerar tarakta duk da haka. Ya ɗora yatsu a kan makulli. Ya dubi tayoyin da suka nutse a laka, ya dubi rabin gonar da ba a taɓa ba, ya dubi Kawu da ya tsura masa ido.

"Ɗana, in ka murɗa abin nan, ni dai bayana ba ya turi," in ji Kawu.

Dogo ya janye hannu, ya sauko.

Sai da aka yi awa biyu da rabi Yaya ya dawo, yana gumi yana mita. Suka ɗaura faifan, suka ɗaure noti. Yaya ya buga gefen mota da tafin hannu.

"Ga ta nan lafiya lau, likitan murya. Hau mu tafi."

Dogo ya hau, ya ɗan taɓa totur. Ɗan taɓawa kawai.

Injin ya zabura. Dogo ya ɗage ƙafa, ƙarar ba ta sauko ba, sai ma ta ƙara hawa. Kujera ta fara rawa a ƙarƙashinsa, sitiyari na karkarwa har ba ya riƙuwa. Farin hayaƙi ya turnuƙe, cikin ƙiftawar ido ya daina ganin garmar da ke bayansa.

"Sauke ƙafarka!" Yaya ya daka masa tsawa.

"Ba na taka komai!"

"To kashe ta! Kashe ta!"

Dogo ya murɗa makulli. Ba abin da ya canza. Ya ja igiyar da ke yanke mai har ƙarshe, ya riƙe. Injin ya ci gaba da ihu. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Yaya, bakinsa a buɗe. Makulli na hannunsa, an yanke mai, mota kuma na kururuwa kamar ana yanka ta. Yaya ya tsaya cak yana kallon makullin. Tun da Dogo yake bai taɓa ganin fuskar wansa haka ba.

"Innalillahi!" Kawu na ja da baya, hannu a ka. "Ku sa ta a giya ta mutu!"

Dogo ya taka kuloci ya danna giya, ƙarfe ya ci ƙarfe, ta ƙi shiga. Yaya ya kamo ƙafarsa ya fizgo shi ƙasa, suka faɗa laka tare.

"Hancinta! Ku toshe mata hanci!" Kawu ya ƙwala ihu.

Yaya ya tuɓe riga, ya dunƙule ta, ya kutsa cikin hayaƙin. Ya cire murfin bututun da take shan iska, ya cusa rigar. Dogo na gani da idonsa: bututun ya zuƙe rigar, fuu, kamar an ja zare. Yaya ya tsaya ba riga, yana duban hannunsa.

"Ta haɗiye," ya ce. "Dogo, ta haɗiye rigata."

Dogo ya rungumo shi ta baya ya ja shi. Ba su yi taku goma ba aka ji ƙara ɗaya, gwaram, wadda ta tayar da tsuntsayen gonar gaba ɗaya. Wani ƙarfe ya fasa gefen injin ya fito, ya wuce ta saman kan Kawu, ya nutse a kunya. Baƙin mai ya tsiyayo yana tafasa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai shiru. Irin shirun da kunne ke ci gaba da ƙara shi kaɗai. Kawu ya zauna daɓas a laka, yana shafa kansa yana duba tafin hannu, ya sake shafawa.

Da azahar bakanike ya iso. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ramin da ke gefen injin, wanda dunƙulen hannu zai shiga, ya kwance bututun iska ya karkata shi. Baƙin mai ya zubo.

"Kun gani? Wata roba ce ta cinye, baƙin mai yana ɗiga cikin hanyar iska. Tana tsaye a kunne, yana taruwa. Da aka ba ta wuta sai ta zuƙe shi. Daga nan ba dizal take sha ba, man jikinta take ci. Ko makullin ka jefa rijiya ba ruwanta."

"Awa nawa ta yi a tsaye?" ya tambaya.



Yaya ya yi gyaran murya, muryar ta fito a dushe. "Malam, da an kashe ta fa, lokacin da hayaƙin ya canza?"

"Da roba ɗaya zan canza, in wanke bututu, in ara muku batir. Kafin la'asar kuna aiki."

Yaya ya juyo ya dubi ƙaninsa. Dogo kuwa bai ɗago ba. Yatsunsa biyu da suka dafa makulli ɗazu yake ta kallo. A lokacin ne gajimare ya yaye, rana ta fito da ƙarfinta, saman ƙasa ya fara yin fari.

Inji ɗaya ya tafi, ba gyara. Rigar Yaya ta tafi, da fatar yatsunsa uku. Rabin gonar gida ba a huɗa ba, gonar Kawu ko kunya ɗaya ba ta samu ba, haka ma gonakin dangi huɗu da ke jiran layi. Ruwa na biyu kuma bai sauka ba sai bayan kwana goma sha tara.