Saƙon Sidi Ƙanƙara

"Sake faɗi, Malam," in ji Sidi, yana riƙe da hannun rigata kamar zan gudu.

Na sake. Ni da nake sa yara bita a firamaren Tambuwal, ga ni durƙushe a zauren maƙwabcina ana biya mini karatu, kuma malamin nawa ba ya yafe ko kalma ɗaya.

Sidi ya daɗe yana gyaran jiragen sama a Kano kafin tari ya koro shi gida, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Sidi Ƙanƙara ake ce masa a gari, saboda yakan faɗa a majalisa cewa injin jirgi, duk zafinsa, ƙanƙara na toshe masa baki a cikin gajimare. Na'Allah mahauci ya ce saura a gaya mana ana tsintar ta a maƙera. Sidi bai taɓa kulawa ba. Yanzu kuwa ɗansa Lawwali na koyon tuƙin jirgi a Zariya, ga damina ta kankama, shi ya sa duk hadarin da ya haɗu ta gabas sai ya hana shi sukuni.

Karatun dai ga shi. A goshin jirgi akwai ɗan ƙarfe kamar yatsa, mai ƙananan ramuka da iska ke shiga. In ƙanƙara ta toshe su, fitila ta kama a gaban direba. To amma kafin ta kama, ƙanƙarar ta riga ta taru a bakin inji. Wanda ya buɗe zafi, wato iska mai zafin da ke narkar da ita, a lokacin, ɓamɓaro ta zai yi gunduwa-gunduwa, injin ya haɗiya.

"Ka ce mai, in shina shiga gajimare, yag ga laima, awo ya nuna sanyi, shi buɗe zafi tun da wuri. Kash shi jira fitila." Tari ya sarƙe shi, har sai da matarsa Hinde ta shigo da ruwa.

Na ce ai an buga wa Lawwali waya, zai zo ya ji da kunnensa. Ya dube ni irin duban da nake yi wa yaron da ya kawo uzurin ƙarya. Wallahi tsoro ya kama ni, don na ga da gaske ni ya ɗora wa kayan.

Da Hinde ta rako ni ƙofa, ta ce a hankali, "Damana biyu shina tarin ga a Kano, Malam. Bai tafi asibiti ba sai da yag ga jini."

Sidi ya cika bayan la'asar ranar Alhamis. Lawwali kuwa motarsu ta kafe a taɓo a hanyar Sakkwato, bai iso ba sai da muka dawo daga maƙabarta. 'Yan uwan Hinde daga Kebbe sun cika gidan, don haka na bari sai da aka watse, na ja Lawwali zaure. Na juye masa saƙon tas, ina kiyayewa kada in tsallake wani abu.

Ya murza hularsa.

"Baba Malam, wanga tun makon farko anka koya muna shi."

Raina ya ɓaci, ban san ko da wa ba. Mutum ya ƙarar da sauran numfashinsa kan abin da yaro ya riga ya sani! Na yunƙura zan tashi, sai ya kama hannun rigata.

"Sake faɗa min," ya ce. "Yadda yaf faɗe shi."

Na koma na zauna. Na fara daga ɗan ƙarfen nan mai kama da yatsa, ina tsayawa duk inda tari ya tsayar da Sidi. Hadari ya taso ta gabas. A tsakar gida Hinde na kwashe shanya, ta bar rigar aikin Sidi a kan igiya sai ƙarshe.