Kwalbar Kanumfari

"Wannan ma ta salance," in ji Farfesa, ta tura 'yar kwalbar gefe da bayan hannu. "Ruwa kawai suke ɗura mana, su manna takarda."

Mijinta, wanda ya biyo ta har ɗakin bincike da tabaran da ta manta a mota, ya yi dariya. "Haba uwargida! Tun daga bakin ƙofa kanumfarin nan ya mare ni. Ko so kike ya tashi ya gaishe ki?"

Ba ta taya shi dariyar ba. Ta jawo kwalbar a hankali, ta sa a hanci, ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi. Babu komai. Kamar ta shinshina iska.

Duk wanda ke nazarin sinadaran ƙwaƙwalwa ya san aikin matar nan. Rabin rayuwarta ta ƙarar a kan dofamin, sinadarin da idan ya ja baya a ƙwaƙwalwa hannu ke fara karkarwa, tafiya ta zama jan ƙafa. Maƙalarta da ta fi yawo a duniya, wadda ɗalibai ke kafa hujja da ita a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, magana ɗaya ta nanata: sau da yawa hanci ne ke fara mutuwa, shekaru kafin hannu ya motsa. A kan haka ta gina gwajin kwalaben ƙamshi, kuma ita ta kafa dokar cewa kowace safiya mai bincike ya fara shinshina su da kansa, kada a gwada mara lafiya da kwalbar da ta huce.

Makonni ke nan tana zubar da kwalabe a kwandon shara, tana yi wa masu kawo su ruwan masifa a waya.

"Miƙo min ta lemon," ta ce. Muryar da ta fito ba tata ba ce.

Ya miƙo. Babu. Kafur, babu. Gahawa, babu. Sai abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya: tukunyar da ta ƙone tana zaune kusa da ita tana duba rubutun ɗalibi, jikarta jaririya da kowa ke cewa tana ƙamshin madara ita kuwa ta yi murmushi kawai.

Ta kama kwalar rigarsa ta cusa fuskarta a ciki, kamar yadda take yi tun suna amarya da ango.

"Rannan na zarge ka da daina sa turarenka," ta ce cikin rigar. "Har na yi fushi."

"Ban taɓa dainawa ba." Dariyar ta gudu daga fuskarsa. "Ke, mura ce. Ko tsufa. Ni ma gwiwata ƙara take kamar tsohuwar ƙofa, wa na kai ƙara?"

"Wataƙila mura ce." Ta san yana iya zama hakan, ita ta rubuta shi a shafi na biyu na maƙalarta. Amma ta san abin da ta rubuta a na uku. Ta ɗaga hannunta na dama tana kallonsa kamar baƙon da ba ta yarda da shi ba. Yana rawa. Tsoro ne, ko ciwon ne? Ilimin duniya bai iya raba mata su a wannan lokacin ba.

"Mu tafi gida," ya ce ƙasa ƙasa, ya rufe hannun da nasa biyu. "Ba wanda ya gani. Sai ki huta, ki yi tunani."

Zuciyarta ta so hakan ƙwarai. In ta yi shiru, kujerarta na nan, sunanta na nan. Amma a bayan ƙofa tana jin tarin tsofaffin da ke jiran gwaji a kan benci, kuma hancin da zai tantance musu kwalabe yau ba ya aiki.

Nas ta leƙo. "Farfesa, a fara shigo da su?"

Ta ƙara damƙe yatsun mijinta har ya ɗan yi ƙara.

"Tukuna. Kira min Likita mataimakina ya zo ya duba kwalaben nan, daga yau shi zai riƙa yi. Ke kuma jawo kujerar marasa lafiya. Da ni za a fara."