Baba Kafinta da Bencin Coci

"Ina kuma za ka da guduma?" na tambaye shi.

A tsakiyar matakala na same shi zaune, yana jan jiki yana saukowa. Sandunansa kuwa tuni ya wurgo su ƙasa. Baba Kafinta ke nan, maƙwabcinmu na sama, wanda ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar hagu.

"Coci, 'yata. Bencin baya ya karye."

"Baba, yau fa Talata."

"Ai shi ya sa. Kafin Lahadi gam ya kama."

Na dire bokitina raina a ɓace. 'Yarsa kan fita aiki tun da sassafe ta bar mini amanarsa, shi kuma kullum da kalar rigimar da zai ɓullo da ita. Ni da maigidana muka cicciɓe shi muka mayar ɗaki, yana ta sa mana albarka kamar ba shi ya ja mana ciwon baya ba.

Mutumin nan shagonsa ya ƙone ƙurmus, matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi neman aiki bai sake waiwayo ba. Amma ka tambaye shi jiki, sai ya ce, "Ubangiji na riƙe da ni." Abin har haushi yake ba ni.

"Wai kai ko sau ɗaya ba za ka ce ka gaji ba?"

"Na gaji mana. Kullum sai na faɗa wa Yesu. Ke in na faɗa miki, me za ki yi mini?"

Na kira fasto a waya na sauke masa fushina. Ya ce shi ma ya hana, an ƙi ji. Ƙarshe dai aka ɗauko bencin aka kawo masa har ɗaki.

Nan na shiga uku. Guduma a kaina tun safe, ga waƙar yabo da muryar da ba ta taɓa hawa daidai ba. A makon ne kuma likita ya ce ƙodarsa ta kusa daina aiki. 'Yarsa ta yi kuka ta roƙe shi ya kwanta. Yakan kwanta, tana juya baya ya lallaɓo wurin bencin.

Ranar Juma'a na same shi yana haki, ƙusa a baki.

"Zauna ki yi mana addu'a," ya ce.

Na rufe ido na ce, "Ya Ubangiji, ka sa tsohon nan ya riƙa jin magana."

"Amin," ya amsa da ƙarfi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Asabar aka tafi da bencin. Baba ya ce gobe shi ma sai ya je sujada. Na ce ba inda za shi. Da na sauko, maigidana ya ce a bar shi ya je, zai goya shi zuwa mota.

Da safe na hau da kofin shayi ina ƙunƙuni. 'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa.

"Anti, Baba ya tafi."

"Ina kuma? Wa ya sauko da shi?"

Sai da na dubi fuskarta na gane.

Na shiga. Yana kwance ya juya wajen taga, an ja masa mayafi zuwa ƙirji. Na rasa inda zan ajiye shayin, na zauna da shi a hannu. A kan kujera farar rigarsa ce a goge. Ƙarƙashinta takalmi ƙwaya ɗaya, ya sha mai yana ƙyalli, da safa a naɗe a ciki.