Bayanin Shagon Hajiya Kulu

Hajiya Kulu ce ta kawo ƙorafin. Ta taso tun daga Goron Dutse har ofishin ƙungiyar teloli da ke Dala, aka ba ta kujera ta ƙi zama.

"Shamsiyya, tun da kuka sa ni a manhajar nan taku, ko ɗankwali ba a turo min ba. Ga Malam Isyaku na Soron Ɗinki har mayar da aiki yake yi. Na'urar ce ba ta so na, ko mutum ne?"

Shamsiyya ce ke kula da manhajar. Mai son ɗinki zai rubuto buƙatarsa ta waya, sai ƙirƙirarriyar basirar da ke ciki ta zaɓi shago ta tura aikin. Basirar ba ta taɓa ganin shagon kowa ba. Bayanin da aka rubuta mata a kan kowane shago, da shi kaɗai take zaɓe. Mikail, abokin aikin Shamsiyya, shi ya rubuta bayanan duka.

Ta ba Hajiya haƙuri ta raka ta bakin titi, sannan ta dawo ta buɗe bayanan. Na Malam Isyaku cewa ya yi: a tura nan idan ana son kaftani, babbar riga ko doguwar rigar mata, yana aikin hannu da na keke, ba ya karɓar aikin gaggawa, a nemi awo kafin a tura. Na Hajiya Kulu kuwa: "Tana ɗinki." Sauran shagunan ma kusan haka suke.

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne ya fi damun ta. Da ƙarya ta gani, da ta san abin da za ta kama. Sai ta tuna a ƙofar gidan Malam Isyaku aka ɗaura auren Mikail, 'yar ƙanensa yake aure.

Ta ga gara ta yi gwaji kafin ta tunkari Mikail. Ta shiga sashen gwaji ta musanya sunayen shagunan biyu, sunan Hajiya Kulu ya hau kan bayanin Malam Isyaku, ta yi ta turo buƙatu kamar mai saye. Duk aikin ya koma wa Hajiya Kulu.

Bayan azahar ta juya masa kwamfutar. "Mikail, duba min nan."

Ya karanta, ya ɗan yi murmushi. "Anti, ai na Baba Isyaku shi ne bayani mai kyau. Haka ya kamata kowanne ya zama."

"Na sani. Me ya hana sauran su zama haka?"

"Shagonsa na sani ciki da waje. Su kuwa na yi ta kira ba su ɗauka ba. Zan ƙirƙira musu abin da ban sani ba ne?"

Maganar ta yi ma'ana, har Shamsiyya ta ji kunya ta ɗan kama ta. Duk da haka ta kira Hajiya Kulu a waya a gabansa, ta buɗe muryar wayar don ya ji.

"Hajiya, akwai wanda ya taɓa kiran ki daga ofishinmu a kan irin ɗinkin da kike yi?"

"Wallahi babu. Wayata kuma kullum tana kan keke."

Mikail ya laluba tasa wayar, ya ce wataƙila tsohuwar lambarta ya kira. Ya nuna wata lamba, amma tarihin kiran ya goge, wai ya canza waya. Shamsiyya ta dube shi. Bai kau da kai ba.

Ba ta kai ƙararsa wajen shugaban ƙungiya ba, don ba ta da abin da za ta nuna. Ta dai ce daga yau babu bayanin da zai shiga manhaja sai ta karanta ta gwada. Ya ce to, har ya yi tayin raka ta zagayen shaguna. Ta ce ya zauna ya tsare ofis.

Washegari ta hau adaidaita sahu zuwa Goron Dutse. Ta sami Hajiya Kulu tana yanka atamfa, ta zauna a kan benci.

"Hajiya, faɗa min abin da kike ɗinkawa, da abin da ba kya taɓawa."

Hajiya ta ajiye almakashi, ta kalle ta sama da ƙasa. "In na faɗa, wa zai rubuta? Ke ko yaron nan?"

"Ni."

"To fara. Kayan maza ba na yi, kar ma a turo."